Kyandir Mai Ƙamshi Zai Raba Ni da Sauro?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, muna zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo, tsakaninmu da gonakin shinkafa bai fi tafiyar minti biyar ba. Sauro ya hana mu sakat, musamman daga marka zuwa kaka. Igiyar leƙo muke kunnawa, amma yarona ɗan shekara biyu da ya shaƙi hayaƙin sai tari, ni kuma ina da ciki wata biyar. Maigidan ba ya son gidan sauro, wai zafi. To ƙanwarsa ta zo daga Kano da wani kyandir mai ƙamshin lemun tsami a cikin ɗan gwangwani, ta ce da ganye aka yi shi, yana korar sauro da sauran ƙwari, kuma ba shi da illa. Gaskiya ne? In na saya zan iya naɗe gidan sauron in huta da mita?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raba lafiya, Ya ba yaron sauƙi.

Tambaya biyu kika haɗa a ƙulli ɗaya. Ta farko, ko kyandir ɗin yana korar sauro. Ta biyu, ko zai tsaya a madadin gidan sauro. Amsar ta farko ita ce yana ɗan taɓukawa, amma kaɗan ƙwarai. Ta biyu kuwa ba sai na yi miki kwana-kwana ba: kada ki naɗe gidan sauron nan, ballantana ke mai juna biyu da ƙaramin yaro a gefe. Ni ma'aikacin lafiyar muhalli ne, irin waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari, kuma yawancin aikina a ƙauyukan kwarin Haɗeja na yi shi, don haka na san irin sauron da kike magana a kai. Wanda bai taɓa kwana a gefen fadamar shinkafa cikin watan Satumba ba zai ɗauka ƙari kike yi.

Abin da ke cikin gwangwanin

Ƙamshin lemun tsamin da kika ji, mafi yawa na wani mai ne da ake kira sitironela. Ki duba jikin gwangwanin, ƙila ki ga an rubuta citronella da Turanci. Daga wata ciyawa ake tatso shi, wadda ake nomawa sosai a Siri Lanka da tsibirin Jaba na Indunusiya. Dangi ɗaya suke da ciyawar nan mai ƙamshi da mata ke shukawa a bakin rariya suna jefawa a shayi, da kuma tsauri da nobe na dajinmu. Ƙanwar maigidanki ba ƙarya ta shara ba da ta ce daga ganye yake. Tun 1948 aka yi wa man rajista a Amurka a matsayin abin korar ƙwari. Sai dai man kaɗan ne a cikin kyandir ɗin, galibi bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Sauran duk kaki ne, kuma yawancin kyandir na kasuwa da kakin da ake samu wajen tace man fetur ake yin sa. Wani ma babu man ciyawar ko ɗigo, turaren kanti kawai aka zuba mai kama da shi, hanci ba zai bambance ba.

Domin ki gane iyakar ƙarfinsa, sai kin san yadda sauro ke gano mutum cikin duhu. Macen ce kaɗai ke cizo, don tana bukatar jini ƙwayayenta su nuna. Daga nesa iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi take bi. In ta matso sai ta bi warin gumi da na fata, musamman na ƙafa, daga ƙarshe ɗumin jiki ya nuna mata inda za ta sauka. Aikin sitironela shi ne ya rikita mata wannan warin, kamar a fesa turare a kicin don ɓoye ƙamshin miya. Miyar tana nan, kuma mai jin yunwa zai same ta in ya ƙara matsowa. Ga wani abin dariya kuma: harshen wutar kyandir shi ma yana fitar da ɗumi da irin iskar nan da muke fitarwa, wato abubuwa biyu daga cikin waɗanda sauron ke nema.

An gwada shi, ba sau ɗaya ba. A 1996 wasu masu bincike a Kanada sun zaunar da mutane a waje da yamma suna ƙirga cizon da ake yi musu. Waɗanda ke kusa da kyandir mai sitironela cizonsu ya ragu da kimanin kashi 42 cikin 100. Waɗanda aka kunna wa kyandir na banza, marar ƙamshin komai, nasu ya ragu da kimanin kashi 23. Kin ga ke nan rabin aikin ma wutar ce ke yi, ba ƙamshin ba. A 2017 kuma wasu a wata jami'a da ke jihar Niyu Meziko ta Amurka suka gwada kayan korar sauro iri-iri, suka tarar kyandir ɗin sitironela bai hana sauro nufar mutum ba ko kaɗan. To mu ɗauki sakamakon da ya fi yi masa adalci, na Kanada. In sauro goma za su cije ki, shida sun cije ki. A ƙasar da sauronta ƙaiƙayi kawai yake bari, wannan ragi ne da za a yi murna da shi. A Auyo cizo ɗaya daga sauron da ke ɗauke da cuta ya isa ya kwantar da yaro.

Ni ma na taɓa sayen irinsa, don na gaji da tambayar da ake yi mini a kansa ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Na kunna a ƙofar zaure muna hira bayan isha'i. Wanda ke dab da shi ya ce ya ji sauƙi a hannuwansa, amma ƙafafunmu duka sai da muka yi ta mari, domin ƙamshin sama yake tashi tare da zafin wutar, sauron kuwa ƙasa-ƙasa yake bi. Da iska ta ɗan kaɗa, shi ke nan, ƙamshin ya tafi gidan maƙwabta. Ga shi daren an yi ruwa da rana, sai shinge da sauran ƙwarin fitila suka yo caa a kan wutar. Wannan ya amsa miki batun "sauran ƙwari": wasu ma kiran su yake yi. Kyankyaso da kuɗin cizo da ƙuma kuwa ko a jikinsu.

Lokacin da sauron cuta ke fitowa

Nan ne gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Sauron gidajenmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kukan nan a kunne, wanda ke tasowa da magariba daga kwatami da masai da duk wani ruwa mai ɗoyi. Shi ne ya fi damun mutane, shi ake zagi, shi ake kunna wa hayaƙi. Amma wanda ke kawo zazzaɓin maleriya daban yake, sunansa anofilis. Ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka yake so: gonar shinkafa, kududdufin da aka haƙa aka yi tubali, har sawun kofaton shanu da ruwa ya kwanta a ciki. Cikin zafin damina, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba. Ba shi da yawan kuka, cizonsa ma sau da yawa ba ya tashin mai barci. Kuma mafi yawan cizonsa daga wajen ƙarfe goman dare ne zuwa asuba, ya fi tsananta bayan dare ya raba.

To a wannan lokacin ina kyandir? Ko dai kin kashe shi don za ki kwanta, ko ya cinye, ko kuma kin bar shi yana ci kowa na barci, wanda shi ne mafi muni a cikin ukun. Wato yana gadi a sa'ar da ɓarawo bai fito ba, ya tashi daga aiki daidai lokacin da ake haura katanga. Mutum zai kwanta yana jin daɗi don bai ji kuka a kunne ba, bayan kwana goma ko sati biyu a wayi gari jikin yaro ya yi zafi rau, a ce ai iska ce ko haƙori.

Akwai kuma bambanci tsakanin kora da kisa. Ƙwayar maleriya tana bukatar kimanin kwana goma zuwa sha huɗu a cikin sauro kafin ta iya shiga jikin wani. Ma'ana tsohon sauro ne ke raba cuta. Gidan sauro mai magani, bayan ya tare, yana kashe wanda ya sauka a kansa tun bai tsufa ba, don haka yana kare ki yana kuma rage wa unguwa. Kyandir, ko a ranar da ya yi aiki, tura sauron kawai yake yi zuwa ga na gefe, wanda sau da yawa shi ne yaron da ke barci a can ƙarshen tabarma, nesa da wutar da aka hana shi zuwa kusa da ita.

Kuma ku biyun nan, ke da yaron, ku ne cutar ta fi yi wa illa. Maigida ya sha fama da ita tun yana yaro, jikinsa ya ɗan saba, zai yi kwana biyu yana ciwon kai ya miƙe ya tafi gona. Mai ciki kuwa garkuwar jikinta tana raguwa, ƙwayar cutar tana iya taruwa a mahaifa ko da ba ta jin zazzaɓi, ta jawo ƙarancin jini, ko ɓari, ko a haifi jariri ɗan firit. Yaro ƙasa da shekara biyar shi ake kaiwa asibiti yana jijjiga ana neman jinin ƙari. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nunawa shekara da shekaru.

Batun wuta

Da aka ce miki ba shi da illa, an manta cewa wuta ce tsirara. Ki dubi ɗakinki da kyau: katifar soso, labule, zannuwa a kan igiya, ƙila rufin ciyawa ko na azara da zana, ga dangar kara a waje, ga rumbu. A garuruwan noman rani kuma da wuya ka shiga gida ba ka ga jarkar fetur ɗin injin ban ruwa ko na babur a lungu ba. Shi kansa gidan sauron da zaren roba ake saƙa shi, da wuta ta lashe shi narkewa yake yi ya ɗiga a jiki. Na taɓa zuwa jaje wani gida inda aka liƙa kyandir a kan akwati aka fita kai wa tsohuwa tuwo, kafin a dawo labule ya kama. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kayan ɗakin amarya ko tsinke ba a fitar ba. Ga yaro ɗan shekara biyu, wanda ba abin da yake so kamar abu mai haske da zai kai wa hannu, kuma narkakken kaki a gwangwani ƙuna yake yi sosai.

Game da tarin yaron, hayaƙin kyandir bai kai na igiyar leƙo ba, wannan gaskiya ne. Wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna igiyar leƙo guda ɗaya tana fitar da ƙananan ƙurar hayaƙi kwatankwacin na karan sigari 75 zuwa 137. Kin yi daidai da kike neman rabuwa da ita. Amma ƙamshi mai ƙarfi a rufaffen ɗaki shi ma yana tayar wa wasu yara da tari, musamman masu alamar asma. Haka turaren wuta, in an cika shi.

Tunda muna kan hayaƙi, bari in taɓo na gargajiya, don na san za a ce miki ai kakanninmu da shi suka rayu. Ɓawon lemu a kan garwashi, ganyen darbejiya, wanda mutanen wajenku ke ce wa maina, ganyen bishiyar turare, daddoya, da ciyawar nan da sunanta ma ya faɗi aikinta, sarakuwar sauro. Duk suna kora gwargwado, kuma a ganina kaskon ɓawon lemu a tsakar gida bai gaza kyandir ɗin kanti ba, ga shi kyauta. Ciwonsu ɗaya ne da nasa: garwashi ya mutu, sauro ya dawo. In za a yi, a yi a fili lokacin hira, yara na nesa da hayaƙin. Fiya-fiya kuwa da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ranar kasuwa, ki nisance ta gaba ɗaya. Maganin ƙwarin gona ne ake tsiyayawa, ba a yi shi don ɗakin kwana ba, kuma yara na ɗauka su kai baki.

Wasu mata kan tambaye ni ko za su narka kyandir su zuba ganyen shayin nan su yi nasu. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Man da ke cikin ganyen ɗan mitsitsi ne, kilo 100 na ɗanyen ganye da kyar yake ba da kilo ɗaya, kuma da tururi ake fitar da shi a tukwane na musamman. Abin da za ki samu kyandir ne mai ɓurɓushin ganye da ke tartsatsi.

Yadda za a shawo kan maigida

Ƙorafinsa na zafi ba ƙarya ba ne, kada ki yi masa gardama a kai. Ɗakin kwano da aka toshe tagarsa da tsumma don gudun sauro, a ƙara gidan sauro a kai, gasa mutum yake yi. Amma yawanci laifin ɗakin ne. In aka sa ragar waya a taga, sai a bar ta a buɗe duk dare iska na shiga. A kuma duba tsakanin saman bango da rufi, domin ta wannan ratar anofilis ya fi shigowa, yana bin ɗumi da warin masu barci. A liƙe ta da laka ko a sa raga. A Gambiya an yi gwaji a ɗaruruwan gidaje, aka buga sakamakon a 2009: sa raga ya rage sauron cikin ɗaki da kusan rabi, ƙarancin jini a yara ma ya ragu. Kuɗin kyandir na 'yan makonni, in aka tara, zai sayi ragar taga ɗaya da za ta shekara tana aiki.

In da hali, ƙaramar fanka mai caji ko ta sola tana maganin abu biyu: zafin maigida, da sauron kansa, don ba ya iya tashi da kyau cikin iska. In daren zafi ne aka fito tsakar gida, a kafa sanduna huɗu a ɗaura gidan sauron a can, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. In kuwa duk an yi ya ce shi dai a'a, to ki lallaɓa ki ce ya bar ki ke da yaron ku shiga, shi ya kwana yadda ya ga dama. Na ga magidanta da yawa da suka fara da haka, da suka ga su kaɗai sauro ke ci a ɗakin, da kansu suka ɗaga gefen suka shigo.

Wani abin da ke sa a tsani gidan sauro shi ne ƙaiƙayi da zafin fuska in sabo ne. Maganinsa a shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin a rataya. In ya yi datti a wanke da sabulu marar ƙarfi, kada a kai shi rana, kada a riƙa wankewa kowane mako, don maganin jikinsa wanki kusan ashirin yake ɗauka, shekara uku ke nan a ƙiyasi. Ƙaramar ɓula a ɗinke da zare da allura tun ba ta girma ba. Kuma don Allah kada a mai da shi shingen lambu ko abin rufe tattasai, kamar yadda nake gani a hanya.

Saura tsakanin magariba da kwanciya, lokacin da kike girki ko kuna hira. Nan ne kaɗai kyandir ɗin ke da gurbi. In kina son ƙamshinsa kuma kuɗin bai dame ki ba, ki kunna a waje, a ƙasa, cikin faranti mai yashi, kusa da ƙafafu, inda babu iska sosai kuma yaro ba zai kai ba, ki kashe da hannunki kafin kowa ya shiga ɗaki. Amma doguwar riga da safa sun fi shi, kuma man shafawa na korar sauro da ake samu a kemis, wanda aka rubuta DEET a jikinsa, ya fi su duka. A wani gwaji na 2002, mai ɗauke da kusan kashi 24 cikin 100 na DEET ya kare fata na kimanin awa biyar, su kuwa na sitironela ba su kai minti 20 ba. Mai ciki na iya shafawa yadda aka rubuta a kwalbar. Ga yaro, ke za ki shafa a tafinki ki goga masa a ƙafa da damtse, ban da tafin hannu da ido da baki. Jariri ƙasa da wata biyu ba a shafa masa komai, gidan sauro ne nasa.

Ruwan gonar shinkafa ya fi ƙarfinki, abincin gari ne, ba wanda zai ce a daina. Na cikin gida dai ki bi: rufe randa da duro, kife fasassun tukwane da gwangwanaye, gyara rariya ruwa ya wuce, rufe bakin masai. Wannan zai rage mai kukan nan da ke hana barci.

Ni ba likita ba ne, kuma daga nan ba zan iya ce miki ga abin da ke sa yaron tari ba. Ki daina igiyar leƙon, ki lura sati ɗaya ko biyu. In tarin bai tafi ba, ko kina jin ƙirjinsa na fito da dare, ko numfashinsa na sauri, ki kai shi a duba shi. Ki tabbata yana karɓar maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata cikin damina, kuma ki ba shi na kwana biyun da ake bar miki, kada ki ajiye a kan taga. Ke kuma a wata biyar ya kamata a ce kin fara shan ƙwayoyin kariya da ake bayarwa wajen awo, waɗanda ake fara ba mai ciki bayan ta cika wata uku, a riƙa maimaitawa wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. In ba a ba ki ba, ki tambaya da bakinki. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a gidan, a je a ɗiga jini a gwada a ranar, kafin a sayi magani.

Ita kuma ƙanwar maigida, ba sai kin ƙaryata ta ba, kada a ja zancen dangin miji a kan gwangwani ɗaya. Ki karɓi guda ki yaba ƙamshinsa, ki kunna ranar da ta zo hira a tsakar gida. In ta sake shirin zuwa daga Kano, ki roƙe ta ta taho miki da yadi biyu na ragar taga.